Juye ba canjin filta? Ga amsar tambayarka

Toh ɗana, naga saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni a gareji sai yanzu na samu zama. Kace Alhajin da zakaje yiwa sabis a Dadin Kowa yace a juye baƙin mai kawai a bar filtar tunda bata daɗe ba, in ma tayi datti a wanke ta da fetur a mayar, kuma kana tambaya ko hakan zai yiwu tunda ƙaramar tarakta ce. Bazai yiwu ba, kuma ƙanƙantar taraktar ba hujja bace, ita ma man da take ɗauka kaɗan ne, shi yasa yafi saurin gajiya.

In ka samu tsohuwar filta a gareji ka yanka ta da zarto kaga cikinta, takarda ce aka naɗe ninki-ninki, ita ke tare garin ƙarfe da baƙin hayaƙin da ke sauka cikin mai. Fetur baya fitar da abinda ya riga ya shige cikin takardar nan, sai dai ya raunana ta. Abinda su Alhaji basu sani ba shine akwai wani ɗan bawul da ke buɗewa da kansa idan filta ta toshe, don kar inji ya rasa mai gaba ɗaya, toh daga lokacin mai yana tafiya wajen karanshaf da metal, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, da dattinsa ba tacewa, kuma babu wutar da zata kama a dashbod ta gaya maka, tarakta na aikinta lafiya lau har ranar da zaka fara jin ƙwanƙwasa a ƙasa. Ka tambaye shi kuɗin filta nawa ne, kuɗin sauke inji a tsakiyar damina nawa ne, ga kuɗin mutane da ya karɓa na haro suna jira.

Maganar "bata daɗe ba" kuwa, ba da wata ake lissafin tarakta ba, da awa ne. Ka duba mitar awa. Sabon inji ko wanda aka yiwa aiki ana juyen farko a awa 50, bayan nan yawancinsu tsakanin awa 200 zuwa 250 ne, littafin taraktar zai faɗa maka nata. Yanzu ka lissafa, a watan shida da na bakwai tarakta na yin awa 10 a rana, kaga kwana 25 ta cinye awa 250 kenan, amma mai ita yana ganin ai shekaranjiya akayi sabis. In kuma ajiye take bata aiki, duk da haka a juye sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka. Kar ka biye wa baƙin launi, man injin gas da wuri yake baƙi ko sabo ne. Abinda zai tsayar da kai shine kaga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga kenan, ko kaji warin gas a jiki ya tsinke kuma geji, wato sandar duba mai, ya nuna ya haura maimakon ya ragu, ko ka murza a yatsa kaga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe. In kaga ɗaya cikinsu kar ka zuba sabon mai a kai, ka kira ni.

Aikin kansa ka sha gani. Ka ajiye ta a waje mai daidai, ka sauke haro ko rija ƙasa, ka ja birki, ka barta tayi aiki kamar minti 5 zuwa 10 mai yayi ɗumi, sannan ka kashe ka sa makulli a aljihunka, yaran gona akwai karambani. Ka goge bakin murfin mai kafin ka buɗe. Ka leƙa ƙasa da kyau, wasu ƙananan masu jan ƙafa huɗu, irin wasu Kubota, notin juye biyu garesu hagu da dama saboda shaf ɗin gaba ya ratsa ta tsakiyar sam, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, in ka kwance ɗaya kawai ka bar tsohon mai a ɗaya ɓangaren. Wajen mayar da noti ka sa sabon wosha in akwai, kuma kar ka sa bututu a sifana kana dannawa, zaren sam in ya cinye ka jawo mana aikin da ba'a sa mu ba.

Nan ne nakeso ka nutsu. Idan ka cire tsohuwar filta ka juya ta ka duba ko robarta ta biyo ta, wani lokacin takan manne a jikin inji, kai baka lura ba ka ɗaura sabuwa a kai, roba biyu, kana tayarwa mai zai tsiyaye ƙasa cikin minti kaɗan. Ka shafa sabon mai da yatsa a robar sabuwar, ka murza da hannu har robar ta taɓa, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, shikenan, sarƙar da ake kama filta da ita ta kwancewa ce ba ta ɗaurewa ba. Mai kuma 15W-40 na injin gas, a galan mai hatimi wanda kai ka fasa da hannunka, banda na awo a kwalba. Ka zuba har geji ya kai layin sama kar ya wuce, ka tayar ba tare da ka taka totur ba, jan wutar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙu, in bata mutu ba ka kashe nan take. Bayan ka kashe ka jira minti 5 ka sake dubawa, zakaga ya ɗan sauka don filta ta sha nata, sai ka cike.

Baka tambaya ba amma a ƙasarmu ƙura da gas mai ruwa sunfi tsohon mai kashe tarakta. Filtar iska ta waje ka kaita wajen mai faci a hura daga ciki zuwa waje da iska mara ƙarfi, kar ka buga ta a taya, kuma ka haska tocila a ciki, in haske ya fito ta wani rami ta gama aiki. Ƙaramar ta ciki ba'a hura ta, canzawa akeyi. Filtar gas kuma ka duba kofin da ke ƙasa, ruwa na kwanciya a gindi zaka ganshi ya rabu da gas, musamman masu saye a jarka. In ka canza ta sai kayi bilidin, ka sassauta notin iska ka buga famfon hannu in tana dashi har kumfa ya ƙare gas zalla ya fito, kar ka tsaya kana kik har batir ya mutu a daji.

Man giya da haidurolik ka barshi a wannan zuwan, nasa awannin sunfi yawa, ka duba geji kawai, kuma kar kowa yasa ka cika shi da ragowar baƙin mai, nasa daban ne saboda birkin wasunsu a cikinsa yake aiki. Ka bi duk nonon giris da famfo, ka share ciyawar da ke gaban lagireto. Tsohon man ka juye a jarka ka taho dashi, kar a zubar kusa da hanyar ruwan masu shinkafa. Ka rubuta awa da kwanan wata da maka a jikin sabuwar filtar.

Filtar ka siya a nan Gombe kafin ka hau mota, ka tafi da lambar tsohuwar don ba duk wadda zarenta ya shiga bace daidai. In Alhaji ya nace sai an wanke tsohuwar, kar kayi musu dashi, babba ne, ka kira lambata ka bashi wayar.