Ku tara kuɗin a hannu kafin kowa ya goya jaka

Ɗan'uwa tambayarka ta taɓa ni wallahi. Ka ce ku huɗu ne, za ku ratsa ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan da jakar goyo har sati uku, kana son sanin yadda za ku yi kasafi, da kuma ko ya fi kowa ya riƙe kuɗinsa ko ku haɗa wuri ɗaya. Sai can ƙasa ka ƙara da cewa ɗaya daga cikinku nasa kason bai cika ba amma ya ce zai cike a hanya. To ni wannan layin na ƙarshe na fi gani, sauran ai lissafi ne, kalkuletar waya ma za ta yi maka.

Kada ku tashi a haka. Ban ce ku yar da shi ba, na ce dai kuɗinsa ya shigo ku gani da idonku tukuna, in kuma bai samu ba a rage kwanakin tafiyar yadda aljihunsa zai ɗauka, ko a ɗaga ranar tashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu ma haka aka yi mana, kuma ba baƙo ba ne, abokinmu ne tun yarinta, irin wanda in an ce in nuna mutum ɗaya da ba zai ci amana ba shi zan nuna. Ana gobe za mu tashi ya ce akwai wanda yake bi bashi, ya yi masa alkawari cikin kwana biyu zai turo, mu fara da namu, alat na shigowa zai zuba nasa. Ni aka ba riƙon asusu wai don ni ke da haƙurin rubutu. Kwanakin farko lafiya lau, ana dariya ana hotuna, kullum da safe in na tambaye shi sai ya zaro waya ya kalle ta ya ce netwok ne, ko kuma mutumin ya ce yau da yamma insha Allahu. Yamma ta yi, wata yammar ta yi, shi kuwa yana ci daga asusu yana kwana daga asusu yana hawa mota daga asusu, kuma shi ne kullum mai cewa haba mu ɗan samu wuri mai kyau mana, sau nawa mutum zai yi irin wannan tafiyar.

Wajen tsakiyar tafiyar muka shiga wani gari da dare, motarmu ta lalace a hanya mun makara, ga ruwan sama, masaukin da muka sa rai da shi ya cika. Muka yi ta yawo da jakunkuna a baya har muka samu wani da ya kusa ninka abin da muka ware wa daren. Na zuge 'yar jakar asusu a kan kanta na fara ƙirga, takardun ma sun jiƙe suna manne da juna, ina ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, mai masaukin na tsaye da makulli a hannu yana kaɗa shi yana kallona. Na ƙirga sau biyu. In muka biya ɗaki babu kuɗin motar safe. Na juya na kalli abokin namu na ce ko rabin abin da ake binka ka kawo mu wuce wannan daren, wallahi sai ya zaro aljihunan wandonsa waje duka biyu ya ce ka gani ai, da ina da shi zan bari mu wulaƙanta ne? Na shiga gefe na ciro kuɗin komawata gida da na ɓoye a ƙasan jaka na biya. Ban yi barci ba a daren nan, ina jin munsharinsa ina lissafin yadda zan koma gida.

Da safe ya ce zai ɗan zaga ya dawo. Sai ga shi da leda, sabon takalmi fil da abin sauraro na kunne, takardar farashin ma tana reto a jikin igiyar takalmin bai cire ba. Na ce wannan fa? Ya ce ai wannan kuɗina ne na kaina, daban yake da na asusu. Kai ɗan'uwa! Har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar nan yana ɗaure igiya ko ɗago kai bai yi ba sai in ji zuciyata ta yi zafi. Abin da ya fi ƙona min rai ma sauran ne, maimakon su tsaya a kan gaskiya sai suka ja ni gefe wai in yi haƙuri kada a ɓata tafiya, ai in mun koma za a daidaita. Kuɗin da ba nasu ba ne ya fita shi ya sa haƙurin ya zo musu da sauƙi. Mun koma, ba a daidaita komai ba, sai ma labari ya dawo min wai yana cewa ni na hana mutane sakewa, ko ruwa mutum ya sha sai na rubuta. Eh na rubuta, da ban rubuta ba da ko adadin da nake binsa ba zan iya faɗa ba. Har gobe bai biya ba, amma in na ɗora hoton tafiyar shi ne na farkon danna laik. Dama an ce ba ka sanin mutum sai kun yi tafiya ko kuɗi ya haɗa ku, to mu duka biyun suka haɗu.

Bari dai in dawo kan tambayarka kafin in cika ka da nawa.

Haɗawa ko rabawa, ku yi duka biyu. Asusun haɗaka na abin da dole ku yi tare ne kawai: masauki, kuɗin mota ko jirgin ƙasa daga gari zuwa gari, kuɗin shiga wuraren da kuka amince za ku je ku duka, da abincin da kuka saya kuka dafa tare. Duk wani abu na son rai, tsaraba, kayan ƙwalama, data, sabon kaya, kowa daga aljihunsa. Ku faɗi wannan da baki kafin tashi kuma ku rubuta a WhatsApp inda kowa zai gani ya amsa da "na yarda", don a hanya in yunwa da gajiya suka haɗu kowa sai ya tuna yarjejeniyar ta yadda ta yi masa daɗi. Kuma abincin waje kada ku raba daidai in ba abu ɗaya kuka ci ba, mai ci kaɗan zai yi shiru kwana biyu uku, daga nan sai ya fara ƙunci ba ku san dalili ba.

Lissafin kansa ba wuya. Ku nemo abin da rana ɗaya za ta ci wa mutum ɗaya, wato kwana da ci da zirga-zirgar cikin gari, ku ninka sau 21. Manyan hanyoyi ku lissafa su daban ɗaya bayan ɗaya, kada ku cusa su cikin kuɗin rana, saboda ranar da kuka yi doguwar hanya tana iya cin kuɗin kwana uku ita kaɗai. Sannan ku ɗora kashi 20 cikin ɗari a sama na ko-ta-kwana. Wasu na cewa kashi 10 ya isa, ni ban yarda ba, mota ɗaya ta kuɓuce muku ko mutum ɗaya ya kwanta rashin lafiya kwana biyu ya cinye wannan. Kuma kada ku auna kuɗin rana da gari mafi araha a hanyarku, manyan birane da wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke cika sun fi tsada, haka ƙarshen mako da lokacin hutu. Ku huɗu kwana 21 bakin mutum 84 ke nan za a ciyar a kwantar, ɗan kuskuren da kuka raina a kuɗin mutum ɗaya na rana ɗaya sau 84 zai maimaitu.

Ku huɗu ma sa'a ce, ɗaki biyu mai gado biyu ko ɗaya mai huɗu, kuma kun cika ƙaramar tasi daidai ba sai kun rabu biyu ba. In wani na biyar ya ce zai bi ku, ku sake lissafi daga farko.

Wanda zai riƙe asusu, dan Allah kada ya zama mutum ɗaya har ƙarshen tafiya. Ku riƙa karɓa-karɓa duk bayan kwana huɗu ko biyar, kowa ya ɗanɗana yadda ake ji in kana cewa babu ana kallonka kamar kai ka ci. Akwai manhajojin raba kuɗi irin su Splitwise da Tricount a waya, kowa ya biya abu ya shigar, su ke fitar da wa ke bin wa. Suna da amfani sosai, amma ka sani manhaja tana nuna bashi ne kawai, ba ta karɓo shi. Shi ya sa na fi son a zuba kuɗi tun farko a riƙa cira, a kan kowa ya riƙa biya ana cewa a yi hisabi a ƙarshe. Kullum da dare kafin a kwanta minti biyar a karanta abin da aka kashe da abin da ya rage a gaban kowa. Ranar da kuka wuce kasafi washegari ku matse, kada ku bari sai sati na uku ku farga.

Kuɗin komawa gida kuma haramun ne a taɓa. In da hali ku sayi tikitin komawa tun kafin ku tashi ya zama ba kuɗi ba ne a hannu balle wani ya yi masa ido, amma ku duba ko irin wanda ake iya canza masa rana ne, tikiti mafi araha sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa. Kuma kada kowa ya gaya wa kowa nawa ya ɓoye na kansa. Na san zai yi kama da rashin yarda, ni dai na gaya maka.

Kada ku zuba komai a kati ɗaya ko waya ɗaya. Waya na faɗuwa a ruwa, kati na maƙalewa a ATM, wani lokaci banki da kansa ke toshe kati in ya ga ana cire kuɗi a wuraren da bai saba gani ba. Ku riƙe tsaba kaɗan a rarrabe a jakunkuna daban-daban, cikin leda saboda ruwa, da ƙananan canji a kusa don kada ka riƙa zaro ƙunshi a tasha. In ana cajin ku duk cirewa to ku cire da ɗan yawa lokaci ɗaya ya fi ku riƙa cira kaɗan-kaɗan kullum.

Tafiyar dare mutane na yabonta wai ta tsallake kuɗin masauki. Gaskiya ne amma rabi. Za ku iso da asuba a gajiye, yawancin masaukai sai bayan azahar suke ba da ɗaki, sai ku ƙare kuna zaune wani wuri kuna sayen abin da ba ku yi niyya ba don dai a bar ku ku zauna, ranar kuma ta tafi a barci. Jefi-jefi ba laifi, in hanyar tana da aminci, amma kada ku gina kasafin a kanta. Abin da ya fi rage kashe kuɗi shi ne rage yawan tsalle, kwana uku a gari ɗaya ya fi araha a kan gari uku a kwana uku, kuma masauki mai kicin da za ku dafa da kanku ko sau ɗaya ne a rana.

Ba ka tambayi wannan ba amma jaka ma kuɗi ce. Shawarar da aka saba bayarwa kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, mai kilo 70 kada ya wuce kilo 14, kuma ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cur. Wanda ya cika jaka da kaya shi ne zai riƙa cewa a hau abin hawa a tazarar da za a taka da ƙafa, kuma asusu ne zai biya. Kaya kala uku sun isa, ku wanke da kanku. Jaka da tanti in babu ku ara, kada ku kashe kwatan kuɗin tafiyar a kayan tafiyar. Takalmi kuwa wanda ƙafarka ta saba da shi, sabo zai yi maka ƙurji a kwanakin farko (namu mutumin ma sai da nasa ya sa shi ɗingishi, ban ce komai ba, amma ban ji tausayi ba). Ku sauke taswirar wuraren a Google Maps tun kuna da wayfai, tana aiki ko babu data. In akwai jirgin sama a wani ɓangare na hanyar, pawa bank a jakar hannu yake tafiya ba a cikin kayan da ake aunawa ba, mai 20,000mAh bai kai iyakar ƙarfin batir ta 100Wh da kamfanonin jirgi suka saba sawa ba, sannan ku duba kuɗin jaka kafin ku yi murnar arahar tikiti, wani lokacin nan suke fanshewa.

Ku kuma yanke tun yanzu abin da za a yi in wani ya janye a tsakiya, saboda yana faruwa, kira ɗaya daga gida ya isa. Za a mayar masa da ragowar kasonsa duka ne, ko ban da masaukan da aka riga aka biya da sunansa? Ni a ganina abin da aka riga aka biya ya tafi, sauran a ba shi. Haka in wani ya yi rashin lafiya, maganin daga ko-ta-kwana ne ko daga aljihunsa? Duk wanda kuka zaɓa daidai ne in dai an faɗa kafin ya faru.

Wani abu kuma da kusan kowa ke mantawa, ka bar wani abu a gida wanda ba ya cikin kasafin tafiyar sam. Sati uku ba ka nan amma haya da wuta da sauran hidindimu ba su tafi hutu ba, in kuma sana'arka ta kullum ce to sati ukun nan babu abin da ya shigo. Ka ware na aƙalla sati biyu bayan dawowa a wani asusun da katinsa ba zai bi ka ba.