Likita Ya Amsa: Tafiya da Yara Ƙasashen Duwatsu a Dogon Hutu

Dogon hutun makarantu yakan zo mana a tsakiyar damina, daidai lokacin zafi a Turai da Turkiyya da ƙasashen Larabawa, shi ya sa tambayoyin wannan makon duk suka karkata ga tafiya da iyali.

Tambaya daga wani magidanci a ƙaramar hukumar Bichi: Likita, ƙanena da ke aiki a Faransa ya gayyace mu Chamonix a watan Agusta. Yarana uku, mai shekara 11 da mai 7 da mai 3. An ce hawa dutse yana sa ciwo. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, gaskiya ne, amma abin dubawa shi ne tsayin wurin da za ku kwana, da kuma saurin da kuka isa can. Duk yadda mutum ya ƙara yin sama, oksijin ɗin da yake samu a kowane numfashi yana raguwa, kuma yawancin mutane ba sa fara jin jiki sai sun haura mita 2,500. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos tana wajen 1,200, shi kuwa garin Chamonix ya ɗan zarce 1,000 ne kawai, saboda haka kwana a cikinsa ba abin damuwa ba ne ga yaro mai lafiya. Inda hankalina yake shi ne motar nan da ke rataye a jikin waya, wadda ke kai masu yawon buɗe ido ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, a cikin kamar minti 20. Jiki ba ya samun damar sabawa a irin wannan hawa.

Babba yakan ce kansa yana ciwo, zuciyarsa tana tashi, yana jin jiri. Ɗan shekara 3 ba zai faɗa ba. Sai dai a ga yana rigima babu dalili, ya ƙi abinci, ya daina wasa, barci ya gagara, kuma sau da yawa sai bayan awa 6 zuwa 12 alamun suke bayyana. Shawarata ita ce a bar ƙaramin a ƙasa tare da mahaifiyarsa ko wani babba. Manyan biyu za su iya hawa idan lafiyarsu ƙalau, a ɗan jima kaɗan a sauko. Yaron da ya fara tangaɗi, ko yake haki alhali yana zaune, ko ya rikice a magana, a sauko da shi nan take a nemi asibiti, kada a tsaya jiran magani ya yi aiki, domin ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Lambar neman agaji a Turai ita ce 112. Inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da ake nema wajen biza kuwa, ka tambaya ko ta haɗa da ceto daga kan dutse, don ba kowace ce ke haɗawa ba.

Tambaya daga wata uwa a Ringim: Muna shirin Umara, daga nan maigida yana so mu huta a Ɗa'ifa da Abha. 'Yata mai shekara 9 tana da sikila, yayanta kuma AS ne. Ko akwai matsala?

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya tun ba a yanki tikiti ba. Jinin mai sikila yana lanƙwashewa ya toshe ƙananan jijiyoyi idan oksijin ya yi ƙaranci, ko jiki ya rasa ruwa, ko sanyi ya kama shi, ko aka gaji da yawa, kuma kan dutse ya haɗa waɗannan abubuwa huɗu a wuri guda. Ɗa'ifa tana wajen mita 1,800, Abha ta haura 2,200, dutsen Sauda da ke kusa da ita kuma ya kusa 3,000. Idan ra'ayina kike nema, ban goyi bayan a kai yarinyar Abha ba, ko Ɗa'ifa ma sai likitan da ke duba ta ya amince bayan ya auna jininta, musamman idan ta taɓa yin ciwon ƙirji mai tsanani ko an yi mata ƙarin jini a 'yan watannin nan.

Jirgin sama ma kansa abin lissafi ne, domin iskar da ke cikinsa daidai take da ta wurin da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400. Yawancin yara masu sikila suna yin tafiyar lafiya, da sharaɗin ba a cikin tashin ciwo aka hau ba, ana ba su ruwa a kai a kai, an lulluɓe su saboda sanyin jirgi, kuma suna tashi su ɗan taka. Ki riƙe magungunanta na kullum a jakar hannu tare da takardar likita da ke bayyana cutar da abin da take sha. Kada a ɗauki tiramadol ko kodin ba tare da wannan takarda ba, hukuncinsu a Saudiyya mai tsanani ne. Zafin Makka a watan Yuli da Agusta yakan haura digiri 40, don haka a yi mata ɗawafi da sa'ayi da dare, a kan keke idan ta gaji. Babu abin kunya a ciki.

Shi yayan nata, mutane suna ɗauka mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa, ba ruwansa da komai, kuma a gida haka ne galibi. Sai dai a wuri mai tsayi sosai, musamman idan aka haɗa da gudu ko hawa da ƙafa, jini yana iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har ya taɓa kafaɗa. Idan haka ta faru, a gaya wa likitan can cewa yaron AS ne tun kafin ya tambaya. Kar kuma ku manta da allurar sanƙarau da ake buƙata ga masu Umara.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gwaram: Zan kai iyalina Ifrane a Maroko, inda ɗan'uwana yake. Sai mun sha maganin zazzaɓin cizon sauro kafin mu tafi?

Amsa: Malam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 2010 cewa Maroko ta rabu da wannan cuta, saboda haka ba can za ku ɗauko ta ba. Haɗarin shi ne ku tafi da ita daga gida, tunda a tsakiyar damina za ku tashi, kuma sauron da ya ciji yaro a Gwaram sai bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓinsa zai fito. Likitan da bai saba ganin cutar ba yana iya ɗauka mura ce. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi, ka ce daga Najeriya kuka zo, ka nemi a gwada jininsa a ranar. 'Yan ƙasa da shekara 5 su karɓi maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida kafin tafiya. Ka duba katin allurarsu, musamman ƙyanda, sannan ka tanadi katin allurar shawara, wadda ake yi daga wata 9 kuma sai bayan kwana 10 take fara aiki a takarda. Ifrane wajen mita 1,650 ce, ba ta da matsala ga mai lafiya.

Tambaya daga wata matar aure a Kazaure: Za mu je duwatsun Trabzon a Turkiyya da goyo ɗan wata 8. Tunda lokacin zafi ne, sai na ɗauki kayan sanyi?

Amsa: Ki ɗauka, Malama. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, yankin kuma yana da ruwan sama da hazo ko a watan Agusta. Jariri yana saurin rasa ɗumin jiki, musamman idan yana goye ba ya motsi, don haka ki riƙa taɓa ƙafafunsa da hannuwansa, ki sa masa hula da safa. Ki ba shi nono lokacin da jirgi ke sauka, haɗiya tana rage ciwon kunne. A jakarki a samu farasitamol na yara da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa da ƙwayar zink.

Idan an yi yawo cikin ciyawa, a duba jikin kowa da yamma saboda kaska, wadda a wasu sassan Turkiyya take ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini. A cire ta da hantsaki daga gindinta a ja a hankali, ba a ƙona ta ba a murje ta da yatsa. Madarar da ba a tafasa ba da cukun da aka yi da ita, a bar su. Akwai kuma wata zuma ta wannan yankin da ƙudan zuma ke haɗawa daga furen wani tsiro mai dafi. Cokali kaɗan yana sa jiri da amai, ya saukar da bugun zuciya, don haka kada ku sayi zumar bakin hanya ku ba yara. Shi goyon naki kuwa, kowace irin zuma ba a ba shi sai ya cika shekara.