Na ga ɗigon ruwa a man jirgi da safe, daga ina yake shiga kuma ya ake hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne mai koyon tuƙin jirgin sama, jirgin da nake hawa Cessna 172 ne kuma a waje yake kwana. Tunda damina ta sauka sau biyu ke nan in na tsiyayi mai daga ƙasan tanki a kofi don dubawa da safe sai in ga ɗigon ruwa a gindin kofi. Wani babba a cikinmu ya ce gumin tanki ne kawai, in zubar in wuce. Dan Allah haka ne? Kuma ya ake hana ruwan shiga tun farko?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh, babban naku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, tanki yana gumi. In ka bar tanki rabi, sauran rabin iska ce, da rana ta yi zafi ta ɗauki laima, dare ya yi ƙarfen fiffike ya yi sanyi sai laimar ta zama raɓa ta gangara cikin mai, shi ya sa ake cewa a cika tanki kafin a ajiye jirgi in dai nauyin tafiyar gobe zai ba da dama. Amma ruwan da gumi ke kawowa kaɗan ne sosai. Ni a aikina, in aka ce ruwa sau biyu a jirgin da ke kwana a waje kuma a damina, ba na ma tsayawa zancen gumi, tsani nake ɗaukowa in hau in duba murfin tanki.

Murfin nan a saman fiffike yake, duk ruwan sama a kansa yake sauka. Abin da ke tsare shi wani ɗan zoben roba ne, wasu murafun ma biyu ne, babba a gefe da ƙarami a tsakiya inda maɗaurin yake juyawa, kuma wannan ƙaramin shi mutane suke mantawa da shi. Ranarmu kuwa ka san ta, robar sai ta bushe ta tsattsage kamar faso. Cire murfin ka juya shi, ka ɗan lanƙwasa robar da yatsa, in ka ga tsaga ko ta yi tauri kamar busasshiyar fata to ta gama aiki. Dubi bakin tankin ma, in akwai tsatsa alama ce ruwa ya daɗe yana zama a wurin. Murfin da ya fi mugunta shi ne irin wanda yake shafe daidai da fiffike, saboda ruwa yana taruwa a ɗan kwarmin da ke kewaye da shi, kana buɗewa ya zuba ciki a kan idonka. A tsane wurin da tsumma kafin a buɗe. Kuɗin robar nan bai taka kara ya karya ba wallahi, amma kar ka canza da kanka, ka rubuta a littafin jirgi injiniya ya yi.

Hanya ta biyu ita ce man da kansa. A ƙasarmu Avgas, wato fetur ɗin ƙananan jirage, ba ko'ina ake samunsa ba, sau da yawa a duro mai lita 200 yake zuwa, kuma duron da aka tsayar a waje samansa kwano ne, ruwa ya taru ya rufe murfi, rana ta buga iska ta fita, dare ya yi duron ya huce ya zuƙi ruwan nan ta bakin murfi ko da ka ga kamar an ɗaure shi tamau. A kwantar da duro a gefensa a kan katako, murafun biyu su daidaita hagu da dama yadda mai zai rufe su ta ciki. Kafin a zuba a bar shi ya natsu, a shafa maganin gano ruwa a bakin sanda a tsoma har ƙasa, in ya canza launi akwai ruwa, bututun famfo kuma kar ya taɓa gindin duro. Na ƙarshen duro ni dai ba na yarda a sa shi a jirgi.

Yanzu ga inda nake so ka fi sa hankali. Ruwa ya fi mai nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta Avgas kusan 0.72, don haka ruwa ƙasa yake komawa. Amma ba nan take ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce wajen minti 15 ga kowace ƙafa ɗaya ta zurfin mai, kananzir ɗin jirgi irin Jet A-1 kuwa awa guda ga kowace ƙafa. Wanda aka gama zuba masa mai ya ruga ya tsiyaya ya ga kofi tas, bai gwada komai ba. Sannan ko ya natsu ba dole ne ya zo bakin matsiyaya ba, in jirgin a karkace yake tsaye ruwan can wani lungu zai kwanta. Shi ya sa sabbin 172, ƙirar R da S, suke da wuraren tsiyaya har 13, biyar a kowane fiffike uku a ƙarƙashin jiki, ɗalibai suna ta ƙorafi wai sun yi yawa. Tsofaffin Cessna 182 da 210 masu tankin roba kuma, robar tana tattarewa a ƙasa ta yi kunya-kunya kamar gona ta tare ruwa, har sai da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarni na dole a kan haka a 1984. Kofi ya fito tas, ruwa na nan kwance, sai ka ba da wuta ka ɗaga hanci ruwan ya gangaro zuwa injin, injin ya fara tari kana dab da ƙarshen titin jirgi, lokacin da ba ka da tsayi ba ka da gudu. A sama sosai inda sanyi ya sauka ƙasa da sifili kuma ruwan ƙanƙara yake zama ya toshe rariyar mai.

Don haka in ka ga ko ɗigo ɗaya, ci gaba da tsiyaya har ya ƙare, sannan ka jijjiga fukafukan a hankali, ka sauke wutsiya ka ɗaga in littafin umarnin jirginka ya ce haka, ka jira, ka sake bin duk matsiyayan daga na fiffike zuwa na ƙasa wajen matacin mai. In ya sake fitowa ba inda za ka ranar, kira injiniya.

Duba kofin ma akwai iyawa. Ɗaga shi ka sa farin jikin jirgin a bayansa, Avgas ɗin da ake kira 100LL shuɗi-shuɗi ne mai haske, ruwa kuma zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayar dutsen ado yana gangare in ka karkata kofin. In man ya yi hazo-hazo, ruwa ne bai gama rabuwa ba. Akwai wani yaro da na taɓa gani ya ɗaga kofi ya ce Oga ba layi ba ɗigo, na karɓa na duba, babu shuɗi ko kaɗan, na sansana ba wari, kofin gaba ɗaya ruwa ne zalla shi ya sa bai ga rabuwa ba. Tun ranar nake cewa a duba launi, a sansana, in ana shakka a ɗiga a yatsa, mai zai bushe nan da nan ya bar sanyi, ruwa zai tsaya.

In wata rana ka koma kan ƙananan jirage masu injin Rotax da ake sa wa fetur ɗin mota, ka kula da wanda aka haɗa da etanol, shi yana shanye ruwa ya ɓoye shi, ba ka gani a kofi sai ya ƙoshi ya rabu gaba ɗaya.

Naka dai, gobe da safe kafin ka taɓa komai ka lura wane fiffike ne ke ba da ruwan. In kullum gefe ɗaya ne kuma bayan an kwana ana ruwa, murfin gefen za ka nuna wa injiniyanku.