Shawarar Lauya: Ko ɗana zai gaji sarautar kakansa a Ingila?

Tambaya: Barista, mijina Bature ne, ya musulunta, shi ne babban ɗan wani Baron, wato mai sarautar gado a Birtaniya. An ɗaura mana aure a wani masallaci a Landan, ba mu yi rajista ba. Muna da mace ɗaya da namiji ɗaya. Wa zai gaji sarautar bayan mijina?

Amsa: Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, akwai matsala. Sarautar gado a Birtaniya ba ta bin wasiyya, kuma ba masu zaɓen sarki da za su zauna su duba cancanta. Takardar da Sarkin Ingila ya bayar ranar da aka ƙirƙiri sarautar ita ce alƙali, kuma mafi yawansu cewa suke yi sai ɗa namiji da aka haifa cikin auren da doka ta sani. Don haka 'yarki ba ta ciki, sai dai in takardar ta ambaci mata, kamar ta basaraken Birtaniya Mountbatten, wadda 'yarsa Patricia ta gada a 1979.

Abin da ya fi damuna shi ne aurenku. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke cewa ɗaurin aure na addini kaɗai, ba tare da cika sharuɗɗan dokar aure ba, ba aure ba ne a idon doka. A wurin Allah aurenku ingantacce ne, amma ba wannan ake dubawa ba. Iyalin Moynihan, masu irin wannan sarauta ta Baron, sun ga haka: na ukun da ya riƙe ta ya rasu a Manila a 1991, ya bar ɗa na cikinsa, amma da aka gano auren uwar bai inganta ba, a 1997 sarautar ta koma hannun ƙanensa Colin.

Ki fara komawa masallacin ki tambaya ko yana da rajistar ɗaura aure, kuma ko an ba ku takardar hukuma a ranar. In babu, ku yi rajista yanzu. Hakan ba zai ba ɗanki sarautar Ingila ba, amma namijin da kuka haifa bayan nan zai cancanta. In sarautar ta Sikotilan ce, dokarsu ta fi sauƙi, shi ya sa nake so ki nemo kwafin takardar asali ta sarautar.

Dukiya kuwa daban take, 'ya'yanki duka suna da haƙƙi. Ke ce ba ki da kariya: in ba rajista, ba wasiyya, ba ki da kason matar aure. Sai maigida ya rubuta wasiyya cikin watan nan.