Tambaya da Amsa: Gonar da aka kwashe wa burji za ta sake yin amfani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wani ɗan kwangila ya kwashi burji a gonarmu ta gado lokacin aikin hanya, da zai tafi ya sa katafila ta baje wurin. Tun daga nan ko ciyawa ba ta fita. Ɗana ya nuna mini bidiyo a waya, wai a Amurka an sare kan tsauni an haƙi kwal, yanzu wurin ya koma daji. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wane taki suka zuba?
Daga wani manomi a Dange

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, amma ba taki ne ya yi aikin ba.

A tsaunukan Afalashiya da ke gabashin Amurka, musamman jihohin Kentaki da Bajiniya ta Yamma, nakiya ake sa wa ƙoƙon tsauni a tarwatsa shi don a kai ga kwal. A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa kamfani gyara wurin da ya haƙa, kuma sai ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara, ba a mayar masa sai an ga gyaran. Kamfanoni suka bi doka ta hanya mafi sauƙi: a baje, manyan motoci su bi ta kai har ƙasa ta danne, a watsa irin ciyawa. Daga nesa kore shar. Amma itatuwan da aka dasa suka tsumbure, da yawa suka mutu, domin ƙasar ta zama kamar daɓen ɗaki, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta samun hanya. Sai a 2004 aka kafa shirin mayar da dajin yankin, aka koma zuba ƙasa sakwa-sakwa mai kaurin ƙafa 4 ba tare da an danne ta ba. Tsofaffin wuraren kuma aka ɗaura wa katafila dogon ƙugiya tana tsaga su, sannan a dasa. Wurin ya yi muni a ido, duk kunya-kunya da duwatsu, amma itace ya kama.

To ka ga bajewar da aka yi maka, wadda ƙila har ka yi godiya a kanta, ita ta ƙarasa gonar. An tafi da ƙasar sama mai rai, aka danne ta ƙasan ta zama faƙo.

Ta wani gefen ka fi su sa'a. Ramin kwal yakan fitar da ruwa mai tsami, ja kamar tsatsa, wanda ke kashe kifi a rafi, har sai an sa masa dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙa a Kalambaina. Burji ba ya yin haka.

Ban ce ka nemi katafila ba, kuɗin hayarta ya isa ya sayi wata gonar. Abin da na gani da idona a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, bayan ka tsallaka Illela ka wuce Ƙwanni, shi nake ba ka shawara: tassa. Tun da rani ake haƙa ramuka da diga, faɗin taƙi ɗaya da ɗan wani abu, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, a jefa takin gida cikin tafi biyu a kowane rami. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta ko'ina, ruwan fari ya bi hanyoyin nan ya nutse. A nan kake shuka gero. Aiki ne mai karya baya, don haka kada ka ce za ka gama gonar a shekara guda. Ɗauki inda ruwa ya fi kwanciya tukuna. A iyaka ka sa gamba da bagaruwa, ka kewaye su da ƙaya, in ba haka ba awakin Dange za su riga ka.

Batun ɗan kwangila kuwa, dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa nauyin gyara wurin da ya ɓata. In wani ya sake zuwa neman burji a sauran gonar, ku zauna gaban hakimi a rubuta cewa zai kankare ƙasar sama ya tara ta gefe, ya mayar in ya gama, kuma tifa ba za ta hau kanta ba.