Bokiti da safar hannu: yadda za ka nuna wa ɗalibai ƙa'idar Terzaghi

Assalamu alaikum. Injiniya, ka ce ɗalibanka sun haddace ƙa'idar Terzaghi, wato nauyin da ƙwayoyin ƙasa ke ɗauka shi ne jimillar nauyi a cire matsin ruwan da ke tsakaninsu, amma ba su ga abin da ido ba. To, ba sai ka jira kayan lab ba.

Ka samo bokitin fenti mai lita 20, ka huda gefensa can ƙasa, ka cusa tiyo mai rabin inci, ka liƙe da gam. Ka zuba tsakuwa santimita 5, ka shimfiɗa ragar sauro a kai, sannan yashi santimita 20. Ɗaya bakin tiyon ka haɗa da jarka, a bar murfinta a buɗe. Ka ɗora ƙaton noti a kan yashin, ka sa ɗalibi ya riƙa ɗaga jarkar sannu a hankali. Da ruwan jarka ya ɗara na bokiti da kusan santimita 20, wato kaurin yashin, za ka ga yashi na tafasa, noti ya nutse. Su lissafa da kansu: 2.65 (nauyin ƙwayar yashi in an gwada da na ruwa) a cire 1, a raba da 1.65 (wato 1 a haɗa da 0.65 na sararin da ke tsakanin ƙwayoyin), ɗaya ke nan, ma'ana tazarar ruwan daidai da kaurin yashin. A aikace zai ɗan haura 20, tiyo na cin nasa.

Inda ake samun matsala, yashin ne. In ba ka wanke shi ka tankaɗe ba, ƙura za ta mai da ruwan kunu. Ka fara zuba ruwa kafin yashi, don kada iska ta maƙale. In kuma ka tsallake tsakuwar nan, ruwa zai huda hanya ɗaya ya ɓulle, sauran yashin ko gezau. Sannan kar ka tsaya a nutsewar, ka sauke jarkar ƙasa da bokitin, su danna da yatsa su ji ya koma tauri. A ganina wannan ya ma fi koyarwa. Tafasar nan kuwa ita ce ke faruwa a ramin fandisho kusa da kogi in aka zuƙe ruwan ciki da injin jan ruwa.

Gwaji na biyu minti biyar ne. Safar hannu ta roba, busasshen yashi, siririn tiyo da ƙyalle a bakinsa, ka ɗaure da kyauro, ka zuƙe iskar da babban sirinji. Ta sandare, har a gaisa da ita. Ka saki iska, ta langaɓe. Yashin dai bai canja ba, matsin iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa ne ya canja. Amma fa ya bushe ƙarau, mai danshi toshe tiyon yake.