Bin Salsalar Turawan Ingila na Farko a Amurka: Ta Ina Ake Farawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni Bakano ne mazaunin Amurka, mai ɗakina Ba'amurkiya ce, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu. Ta wajena yaran sun san kakanninsu daidai gwargwado, amma ta wajen uwarsu abin da muke da shi kawai maganar kakarta ce, wadda take cewa su zuriyar ɗaya daga cikin mutanen jirgin ruwan Mayflower ne. Mun duba intanet, mun tarar wani ya zana salsalar gidan har ya kai ta ga wani basarake a Ingila a ƙarni na 12. Mu yarda da wannan? In ba za mu yarda ba, ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya zuriya. Maganar kaka tana iya zama gaskiya, kada ka raina ta. Salsalar intanet ɗin kuwa, ka ajiye ta gefe tukuna.

Dalilin da ya sa na ce maganar kaka ba abin mamaki ba ce: Mayflower ya taso daga Ingila, ya iso gaɓar Amurka a Nuwamba 1620 da fasinja 102. Kusan rabinsu ba su wuce hunturun farko ba, amma waɗanda suka tsira sun hayayyafa ƙwarai, jikokinsu a yau miliyoyi ne. Sai dai sunan jirgin ya yi kaurin da ya danne sauran. Tsakanin 1620 da 1640 mutum wajen 20,000 suka ƙaura daga Ingila zuwa yankin arewa maso gabashin Amurka da ake kira Sabuwar Ingila, mafi yawansu daga 1630 zuwa sama, lokacin da John Winthrop ya jagoranci ayarin jiragen da suka kafa Boston. Kafin duk wannan ma, tun 1607 an kafa Jamestown a Virginia. Gidaje da yawa da ke cewa "mu 'yan Mayflower ne", idan aka bincika, sai a ga kakansu a cikin ayarin baya ya zo, labarin ne ya goge a baki har ya koma kan jirgin da kowa ya sani.

Kuskuren da nake gani kullum shi ne a fara daga jirgin a gangaro. Mutum ya ga sunan gidan surukansa a cikin sunayen fasinjoji, sai ya shiga neman hanyar da zai haɗa su ko ta halin ƙaƙa. Aikin daga mai ɗakinka yake farawa, a riƙa hawa sama ɗaya bayan ɗaya, kowane hawa da takardarsa. Ka san yadda malaman hadisi suke yi da isnadi: idan mutum ɗaya a tsakiya bai tabbata ya haɗu da wanda ya ce ya karɓa daga wurinsa ba, duk girman sunan da ke can sama bai hana silsilar yankewa. Tsakanin 'ya'yanka da 1620 akwai hawa goma sha wani abu, kuma a kowane hawa tambayar ɗaya ce: wace takarda ce ta nuna wannan ɗan wancan ne?

In kakar nan tana raye, ita ce aikin wannan makon. Ku zauna da ita, ku ɗauki muryarta, ku tambaye ta sunayen iyayenta da kakanninta, musamman sunan gidan da kowace mace ta fito kafin aure, da garuruwan da suka zauna, da inda aka binne su. Ku tambaya ko akwai tsohon Baibul na gida, domin al'adarsu ce a rubuta haihuwa da aure da mutuwa a shafukansa. Daga nan sai takardun hukuma na haihuwa da aure da mutuwa, sai kuma ƙidayar jama'a. Amurka tana ƙidaya duk shekara 10 tun daga 1790, kuma wadda aka buɗe wa jama'a ta baya-bayan nan ita ce ta 1950. Ta 1880 tana faɗin dangantakar kowa da maigida. Ta 1850 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci (wanda ba bawa ba) a gida. Kafin ita sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran a ƙirga su da shekaru. Ta 1890 kuwa gobarar 1921 ta lalata kusan dukkanta. Shafin FamilySearch yana da hotunan waɗannan kyauta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsakanin wajen 1780 da 1850. A lokacin ne iyalai suka yi ta tashi daga Massachusetts da Connecticut suna nausawa yamma, zuwa jihar New York da Ohio, wuraren da ba a fara rubuta haihuwa da wuri ba. A nan wasiyya da rabon gado da takardun sayar da gona su ne mafita. Idan ka sami takarda da ke cewa wane, mazaunin Ohio, ya sayar da rabonsa na gonar marigayi mahaifinsa a wani ƙauyen Connecticut, to ka sami gada mai ƙarfi. Fayil ɗin fansho na sojojin yaƙin 'yancin Amurka ma suna taimakawa, domin matan da mazansu suka rasu sai da suka kawo shaidar aurensu kafin a biya su.

Abin farin ciki, ba sai ka haƙa har 1620 da kanka ba. Ƙungiyar zuriyar Mayflower, wadda aka kafa a 1897, ta wallafa jerin littattafai da suka tantance hawa biyar na farko na kowane fasinja da ya bar zuriya, abin da ke kai mutum tsakiyar ƙarni na 18. Naka aikin shi ne ka kai silsilar mai ɗakinka ga wani da ke cikinsu. Kuma Sabuwar Ingila tana da dukiyar takardu. Tun 1639 hukumar Massachusetts ta umarci garuruwa su riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma magatakardan gari ne ke yi. Sunayen mutanen Mayflower kansu mun same su ne daga jerin da William Bradford, gwamnan Plymouth (garin da suka kafa), ya rubuta wajen 1651, inda ya faɗi wa ya mutu, wa ya auri wa, wa ya haifi nawa. Akwai kuma rabon filaye na 1623 da rabon shanu na 1627, wanda ya jera mazauna Plymouth gida-gida har da yara. Ga waɗanda suka zo a ayarin baya, aikin Robert Charles Anderson a ƙarƙashin ƙungiyar tarihi da salsala ta Sabuwar Ingila da ke Boston shi ne abin dogaro. Ya bi su ɗaya-ɗaya, kuma inda hujja ta ƙare yakan tsaya.

Idan silsilar ta karkata zuwa Virginia, ka ƙara haƙuri. Mutanen Sabuwar Ingila iyalai ne suka zo, miji da mata da yara. Na Virginia galibinsu samari ne matalauta da suka sa hannu su yi barantaka shekara 4 zuwa 7 a gonakin taba a madadin kuɗin jirgi, kuma zazzaɓi ya kashe da yawansu tun ba su yi aure ba. Daga 1618 akwai tsarin bai wa duk wanda ya biya wa wani kuɗin jirgi eka 50 na fili a kan kowane kai, saboda haka takardun mallakar fili cike suke da sunayen waɗanda aka shigo da su. Amma a kula: shekarar da ke kan takardar ba ita ce shekarar isowar mutumin ba, domin ana iya riƙe haƙƙin shekaru, ana ma sayar da shi, kuma ba lalle mutumin ya taɓa zama a filin ba. Akwai ƙidayar farkon 1625, wadda aka yi bayan harin mutanen Powhatan, 'yan asalin ƙasar, na 1622 da ya kashe 347. Ta rubuta sunayen mazauna, da yawa har da jirgin da ya kawo su da shekarar. Babbar asarar ita ce wuta. Lokacin yaƙin basasar Amurka wasu gundumomi sun kai takardunsu Richmond, babban birnin Virginia, don ajiya, sai gobarar Afrilu 1865 ta cinye su tare da na babbar kotu. Gundumar Northampton kuwa takardun kotunta suna nan a jere tun 1632. Sa'ar mai bincike tana rataye da gundumar da kakan ya zauna.

Tsofaffin takardun nan suna da tarko. Kafin 1752 shekarar Ingila da yankunanta a ranar 25 ga Maris take farawa, kuma kalandarsu tana baya da kwanaki. Shi ya sa George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda aka rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairu 1731, ake lissafa ta a yau 22 ga Fabrairu 1732. Wanda bai san wannan ba zai ga kamar an binne mutum kafin ya rubuta wasiyyarsa. Rubutun suna ba shi da ƙa'ida, magatakarda yadda ya ji yake rubutawa. Idan yaro ya rasu sukan mayar da sunansa ga ƙanensa, sai a sami John biyu a gida ɗaya. Idan an kira wani babba wani ƙarami masu suna ɗaya a gari, ba lalle uba da ɗa ba ne, sau da yawa bambancin shekaru kawai ake nufi. Mata kuwa sun fi wuyar bi, tunda sunan gidansu yana ɓacewa da aure. A wasiyyar uba, inda ya ambaci 'yarsa da sunan mijinta, aka fi gano su.

Yanzu ga maganar basaraken ƙarni na 12. Tsallaka teku zuwa Ingila shi ne hawa mafi wuya a duk aikin. Jiragen lokacin ba su bar cikakkun sunayen fasinjoji ba, sai ɗan abin da ya tsira, kamar rajistar masu fita daga tashar Landan ta 1635 da rajistar barori ta Bristol da ta fara a 1654. A Ingila rajistar baftisma da aure da jana'iza ta coci-coci a 1538 aka umarta, kuma coci da yawa nasu na farko sun ɓace. Ke nan ga talaka, da wuya a wuce ƙarni na 16. Samun mai suna iri ɗaya a wani ƙauyen Ingila ba hujja ba ce. Ana so a ga sunan mata da na yara sun dace, a ga iyalin sun ɓace daga rajistar ƙauyen daidai lokacin da suka bayyana a Amurka, ko a sami wasiyyar wani ɗan'uwa da ya bar wani abu ga ɗansa ko ƙanensa "da ke Sabuwar Ingila". Wasiyyun babbar kotun Canterbury, da ke ajiye a ma'ajiyar takardun ƙasa a Kew, sun warware irin wannan da yawa.

Dubi Stephen Hopkins, ɗaya daga cikin fitattun mutanen Mayflower. An daɗe ana rubuta cewa daga gundumar Gloucestershire ya fito, littafi yana kwafar littafi. Sai a 1998 wani mai bincike, Caleb Johnson, ya nuna daga rajistar coci da takardun gado cewa mutumin Hampshire ne, a ƙauyen Hursley aka yi wa manyan 'ya'yansa baftisma. In wannan ya faru da mutumin da masana suka shekara ɗari suna bincike a kansa, me kake zato da salsalar da wani ya lika a intanet ba tare da ambaton takarda ko ɗaya ba? Akwai ma ƙarya da gangan. Horatio Gates Somerby a ƙarni na 19, da Gustave Anjou wanda ya rasu a 1942, sun karɓi kuɗin attajiran Amurka sun ƙirƙira musu asalin sarauta, kuma ƙirƙirar tasu har yau tana yawo a shafukan salsala. Gaskiya ne akwai 'yan ƙaura ƙalilan da jininsu ya tabbata ya haɗu da gidajen sarautar Ingila, amma sanannu ne, an tantance su. Tambarin gida da ake sayarwa da sunan iyali ma kada ya ruɗe ka; a dokar Ingila mutum ɗaya ake bai wa shi da magadansa, ba duk mai sunan ba.

Gwajin DNA yana da amfani in an san iyakarsa. Wanda aka fi saya, mai nuna dangi ta kowane ɓangare, ba ya kaiwa 1620, ƙarfinsa yana raguwa bayan hawa biyar ko shida. Mai bin jinin maza zalla, daga uba zuwa ɗa, shi ne ke kaiwa nesa, amma sai an sami namiji a dangin mai ɗakinka wanda ya fito ta wannan layin kai tsaye. Zai iya nuna gidaje biyu jininsu ɗaya, ko ya rushe zato. Ba zai faɗa maka sunan uban wane ba.

Ina so kuma ku shirya wa abin da za ku iya tararwa. Filayen da aka raba a Plymouth ƙasar 'yan asalin wurin ce, mutanen Wampanoag, kuma 'ya'yan waɗanda aka yi zaman lafiya da su a 1621 su aka yaƙa a 1675 zuwa 1676, aka sayar da wasunsu bayi. A lissafin dukiyar mamaci, a Virginia har ma a Massachusetts, za ka iya ganin sunan ɗan Afirka an sa masa farashi a tsakanin shanu da tukwane. In kun ci karo da haka, ku rubuta shi yadda yake, ku rubuta sunan bawan ma, domin akwai jikokinsa da suke neman wannan layi guda ɗin ruwa a jallo.

Duk takardar da kuka samu, ku ɗauki hotonta, ku rubuta inda take da lambar shafi. Idan silsilar ta kai ga wani da ke cikin littattafan hawa biyar ɗin, ku miƙa ta ga reshen ƙungiyar Mayflower na jiharku. Suna da masanin tarihi da zai bi kowane hawa da takardarsa, kuma zai nuna muku daidai inda ake buƙatar ƙarin hujja.